Ranar da Arzika Mainutso Ya Shiga Ruwa Ba Wuƙarsa

Cikin ranakun aikina akwai wadda har yau ban manta da ita ba, ita ce ranar da na raka Arzika Mainutso daga Kalgo zuwa wani tafki a ƙasar Gwandu. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin labarin a gutsure. Ga shi yadda na gani da idona.

A lokacin ina mataimakin jami'in kula da kamun kifi, abin da mutanen gari ke kira malamin kifi. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, tsare ruwa ne tare da sarkin ruwa. Idan aka rufe tafki don kifi ya hayayyafa, ba a sa raga, ba a sukar kifi da mashi, sai ranar da aka buɗe. Da tsaro ya taɓarɓare kuma sai aka ƙaro wani umarni game da tafiya. Masuncin da zai shiga mota da mashinsa sai ya cire kan daga sanda, ya naɗe shi, a sa a but ɗin mota. Wuƙa ma haka. Duk ƙarfen da aka samu ɓoye a jikin mutum, masu shingen bincike za su riƙe shi har babbansu ya duba. Ni da kaina na bi bakin ruwa ina karantar da masunta wannan umarni, don na ga amfaninsa.

Da kaka ne, ruwa bai gama ja ba. Da hantsi shugaban sashenmu ya kira ni ya ce wani makiyayi ya nutse a tafki kusa da Kambaza. Saniyarsa ce ta kafe, ya bi ta, ita ta fito shi bai fito ba. Tafkin a rufe yake, amma ɓarayin kifi sun shimfiɗa raga a ƙarƙashi sun gudu sun bar ta, saboda haka mutanen wurin suna tsoron shiga. Ya ce uban yaron na zaune a gaɓa, in ɗauki Arzika in kai shi.

Arzika dattijo ne Basarke, masuncin gado, gajere, mai faɗin ƙirji, kunnensa ɗaya ya toshe saboda yawan nutso. Duk wanda ruwa ya ci a yankinmu Arzika ake kira. Na same shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi a ƙofar gida.

"Malam, wa ruwa yac ci?"

Na ce Bafillace ne, ya bi saniya.

"Fulani ke nan! Ko cikin wuta saniya tash shiga suna biye." Sai ya yi salati. "Allah shi jiƙan shi. Bari in shiga ciki."

Ya fito da mashinsa, wanda yake laluben ƙasan ruwa da sandarsa. Na cire kan na naɗe a tsumma, muka sa a but kamar yadda doka ta ce, muka shiga motar haya.

Mun wuce Birnin Kebbi muka tarar da shinge. Aka sauke fasinjoji ana shafa jikin kowa. Wani kofur, mai ladabi ƙwarai, ya shafa damtsen Arzika ta saman riga, sai ya tsaya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Wuƙar aikina ta, ɗana."

Ya ɗaga hannun riga. 'Yar gajeriyar wuƙa ce mai lanƙwasasshen baki kamar lauje, an yi ta don yankan raga, tana cikin zoben fata a damtse, da igiya da ke riƙe ta don kada ta faɗi a ruwa. Nan na ji al'adar gidansu. Da zarar an kira su ceto ko ɗauko gawa, a ɗaki suke ɗaura ta da bisimilla, ba sa kwancewa sai sun fito daga ruwa. Haka ubansa ya koya masa, haka shi ma aka koya wa uban.

Kofur ya ce, "Da a but take da kun wuce. A jiki na same ta, sai Oga ya zo."

Na nuna masa katin aikina, na yi masa bayanin inda za mu. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, wallahi na yarda da kai. Amma mutane sun gani. Idan na sake ta, gobe wani ya zo da tasa ya ce shi ma aiki zai je, me zan ce masa? Kakina zan tuɓe."

Ya nemi babbansu ta waya a gabana, ba ta shiga ba. Na kira shugabana, ya ce zai nemi wanda ya san shi. Motarmu ta gaji da jira ta tafi, direba ya ajiye mana mashin a gefen titi. Muka yi azahar a gindin wata bishiyar bedi. Kofur ya kawo mana ruwa da kansa.

Da muka shafa addu'a Arzika ya ɗaga kai ya dubi rana. Sai na ga ya sa haƙori yana kwance igiyar.

Na ce, "Baba, mu ƙara jira kaɗan."

"Malam, akwai uba zaune bakin ruwa tun da safe. In rana taf faɗi ba ni ganin komi. In yaron ya kwana ciki kuwa, kifi na taɓa shi, ba su ganin fuskar ɗansu."

Ya miƙa wa kofur wuƙar da hannu biyu. "Riƙe min amana, ɗana. Kak ka yanka albasa da ita." Kofur ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Shi ya tsayar mana da wata mota.

La'asar ta gabato muka isa. Jama'a sun cika gaɓa, mata na can nesa wajen shanu. Aka nuna mana uban, Baffa Juli, tsoho siriri, zaune ƙafafunsa cikin laka, malfarsa a gefe. Suka ce tun safe bai tashi ba sai don salla. Da ya ji abin da ya faru a hanya, ya ciro wuƙarsa daga ƙugu ya ba Arzika. Doguwa ce mai miƙaƙƙen baki. Arzika ya jujjuya ta ya ce, "Baffa, wagga ta nama ta, amma Allah shi sa albarka." Ya soke ta a ɗamara.

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, maza suka riƙe bakinta. Ya ce in sun ji ya fizga su ja. Ya hau babbar gorar da masunta ke hawa a ruwa, ya shiga yana laluben ƙasa da sanda, har ya tsaya a wani wuri. Ya yi bisimilla ya nutse.

Da ya fito ya ce, "Yana nan. Raga ta naɗe shi har wuya." Ya huta ya koma. Fitowarsa ta biyu hannunsa wayam. Wuƙar ta zame cikin laka yana tsakiyar yanka, ba igiyar da za ta riƙe ta.

Na shiga ruwa har gwiwa na ɗaga murya saboda kunnensa. Na ce ya fito hakanan, mu jira a kawo tasa, ko a nemo lauje daga gari.

"Sauran kaɗan, Malam, da hannu ma ni iyawa. Na riƙa hannun yaron mutane. Wanda nit taɓa ba ni bari nai."

Ya nutse. Muka tsaya muna duban igiya. Wurin ya yi tsit, sai kukan shanu. Ina karanta duk abin da ya zo bakina. Igiyar ba ta motsa ba. Wanda ke gaba ya dube ni, na ce su ja, ko bai fizga ba.

Da ƙyar ta taho. Abin da ya fara bayyana raga ce, baƙa da laka, sannan su biyu a cikinta. Arzika ya ɓalle ragar daga turakunta, ita kuma ta naɗe masa ƙafafu. Hannunsa na damƙe da wuyan hannun mamacin, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Muka kifa shi muna danna bayansa, ruwa na fita. Can ya yi tari ya buɗe ido.

"An fito da shi?"

Baffa Juli ne ya amsa. Ya durƙusa ya dafa kansa ya ce, "An fito da shi, ɗan'uwa. Fuska tai lafiya lau."

An yi wa makiyayin sutura kafin magariba. Mu kuwa muka kwantar da Arzika a bayan mota muka nufi asibiti. A shingen, kofur ya hango mu ya taho da gudu da wuƙar a hannu, yana cewa Oga ya zo ya ce a ba mu. Da ya leƙa ya ga wanda ke kwance, sai ya cire hularsa. Na karɓi wuƙar na ce ya yi masa addu'a.

Likita ya ce ruwan laka ya shiga huhu. Bayan 'yan kwanaki Arzika ya cika, muka kai shi makwancinsa a Kalgo. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya zama kaffara. Baffa Juli ya zo zaman makoki bai san kowa ba, ya zauna a bakin tabarma har aka tashi.

Ban taɓa zargin kofur ba, abin da aka ɗora masa ya yi. Dokar ma ban daina koyar da ita ba har na bar aiki. Nauyin yana wuyan waɗanda suka bar raga a ruwan da aka rufe, kuma Allah ya san su. Abin da na koya shi ne, malamin kifi ba kifi kaɗai zai sani ba. Sai ya san mutanen ruwa, da abin da suke ɗaurawa a jiki, da dalilinsu, ya kuma riga su isa gaban hukuma ya yi bayani tun ba a tsayar da su ba. Daga baya mun tsara cewa duk ranar da aka kira mai nutso, a sanar da masu shinge kafin ya bar gida.

Tsarin yana nan, amma ban ga an yi aiki da shi ba. 'Ya'yan Arzika sun koma noman shinkafa, ba wanda ya ɗauki nutso. Yanzu idan ruwa ya ci mutum a wajenmu, sai dangi su shimfiɗa tabarma a gaɓa su zauna, su jira ranar da zai maido musu da shi.