Hajiya Lami Mai Kati da Likita Mai Suna Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata, kafin mai shayin bakin asibiti ya gama hura wuta, Hajiya Lami Ishiyaku ta riga ta sauko daga bayan mashin, jaka a hammata, makullai a hannu. Ta yi bisimilla ta buɗe ɗakin kati, ta wangale tagogi, ta bi kantoci ɗaya bayan ɗaya tana leƙen ƙasansu ko gara ta fara gini. In ta ga jar ƙasa ko da siririya ce kamar zare, ranar duk masu shara sai sun ji a jikinsu. Daga nan ta sauya ganyen darbejiyar da take cusawa tsakanin tsofaffin fayiloli, ta goge tebur, ta zauna. Kafin bakwai da rabi layi ya kai gindin mangwaro: matan Fassi da goyonsu, dattawan Fammar, Fulanin rugagen Madachi. Rabinsu babu kati. Wani an wanke nasa a aljihu, wata kuma akuya ce ta cinye nata. Hajiya ta dubi mutum ta saman tabarau, ta yi masa faɗan minti guda, sannan ta miƙe ta zaro fayil ɗinsa ba ta ko tambayi lamba ba. Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan aiki a wani asibiti a ƙasar Rano, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa makullan.

Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a Kibiya tun da na yi ritaya. Ba ni da saurin yabo, ɗalibaina shaida ne, da wuya wani ya ga goma bisa goma da jan birona. Amma yau murna ta hana ni zama wuri ɗaya, don matar nan ta gyara wata ɓarna da hannuna ya yi shekaru talatin da biyar da suka wuce, ɓarnar da ta kusa cinye aikin ɗalibin da na fi alfahari da shi.

Sai na fara gaya muku labarin baƙin littafinta. Babu wanda ya sa ta, babu dokar da ta ce a yi. Duk sabon likitan da aka turo, ranar da ya kama aiki sai ta tare shi da wani katon littafi mai baƙin bango. Ya rubuta da hannunsa duk sunan da aka taɓa kiransa da shi a takarda, da sunan mahaifi, da garinsu, ya sa hannu, ya manna hoto, sannan ta kai wa babban likita ya buga hatimi. Sista Suwaiba, wadda ta daɗe a ɗakin tiyata, ta ce likitoci tsiya suke yi wa Hajiya. Wani ya ce, "Hajiya, aure za ki ɗaura mana ne?" Ita kuma ta ce, "Rubuta dai, ɗana. Ku mutanenmu kowa sunansa uku, wata rana za a tambaye ku wanne ne naku." Da aka kawo kwamfuta aka ce a kwashe tsofaffin littattafai a ƙona don a sami wuri, Sista Suwaiba ta ce Hajiya kujera ta ɗauko ta zauna a bakin ƙofa har aka tashi aiki. Washegari aka bar zancen.

Ga ɓarnar tawa. Ina sabon malami a wata firamare ta yankin Madachi, wasu Fulani biyu, wa da ƙane, suka kawo yaro ɗan shekara shida, sunansa Mahdi. Na buɗe rajista na ce, "Ɗan wa ne?" Wan, Malam Ja'afaru, ya kawar da kai yana kallon bango kamar ba da shi ake ba. Ɗan farinsa ne, kuma Bafulatanin kirki ba ya buɗe baki ya ce ɗan fari nasa ne, balle ya kira sunansa. Ƙanen ya ce, "Namu ne, Malam." Na ce, "Sunanka?" Ya ce, "Tajuddeen." Ni kuma da rawar kaina na dangwala: Mahdi Tajuddeen. Na san al'adar sarai, a cikinta na tashi, amma ranar yara sittin ne a gabana, ban tsaya tunani ba.

Sunan nan ya bi yaron har sakandare, har jami'a, har kan takardar digirinsa ta likita. Da ya tashi yin fasfo, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma ya kai, ita kuwa sunan mahaifi ta ɗauka: Mahdi Ja'afaru. A asibitin su Hajiya Lami, inda ya yi shekara huɗu, babu mai kiransa da ko ɗaya daga ciki. Dokta Madachi ake ce masa, haka nas-nas suke rubutawa a rajistar tiyata. Daga nan ya tafi Masar ya yi shekara biyar yana karatun ƙwarewa a aikin ƙashi, takardar can ta fito da sunan fasfo. Ya sami aiki a wata ƙasar Larabawa, aka ajiye shi a matsayin ƙaramin likita kafin hukumar likitocin ƙasar ta amince da takardar ƙwarewar da ya zo da ita daga waje.

Hukumar ta baje takardu ta ga mutum uku. Tajuddeen ya yi digiri, Madachi ya yi aiki, Ja'afaru ya ƙware. Suka rubuto masa cewa ba za su karɓi bayani daga hannunsa ba, sai daga tushe, daga inda ya yi aiki, cikin kwana ashirin da ɗaya. In hujja ba ta zo ba, za a rufe fayil ɗin a matsayin na jabu, a karɓe lasisin da yake aiki da shi. Wanda aka shafa wa wannan baƙin fenti kuwa, duk ƙasar da ya nufa labarin zai riga shi isa. Mahdi ya kira ni, ya ce, "Malam, shekara goma sha biyar ina karatu, yau ana ce mini ɓarawon takarda." Wallahi na san birona ne ya jawo.

Washegari na dira a ɗakin kati. Ban gama bayani ba Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta jawo baƙin littafi, ta lashi yatsa, ta buɗe shafuka kaɗan, ta juyo mini da shi. Ga Mahdi yana saurayi, wuya siriri cikin farar riga. Ga rubutunsa: "Mahdi Tajuddeen a takardun makaranta. Mahaifina Ja'afaru. Tajuddeen bappana ne. Garinmu Madachi." Ga sa hannunsa, ga kwanan wata, ga hatimin babban likitan wancan zamani. Na yi kabbara har masu layi suka leƙo. Hajiya ta ce, "Malam, rage murya, asibiti ne. Kuma ba mu gama ba, wannan ƙafa ɗaya ce."

Abin da ta yi a makonni biyun da suka biyo baya, ni na gani da idona. Ta sauko da rajistar tiyata ta shekara huɗu, ta bi layi-layi tana sa alamar fensir duk inda aka rubuta Dokta Madachi, tana gwada sa hannun wurin da na cikin baƙin littafi. Tiyata ɗari uku da goma sha bakwai ta tsamo. Ta sa ni na koma tsohuwar makarantata muka tono rajistar da na yi ɓarnar a ciki, ta sa na rubuta da hannuna yadda aka yi, tana tsaye a kaina kamar ni ne ɗalibin. Ranar Asabar, ranar hutunta, ta hau mashin cikin damina zuwa Madachi, ruwa ya ci hanya, ta tuɓe takalmi ta ƙetare da fayil a ka, ta karɓo takardar shaida daga wurin dagaci.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi wuya. Sai mahaifi ya tsaya a kotu ya yi rantsuwa cewa wannan ɗansa ne, ya faɗi sunansa da bakinsa. Muka kai Malam Ja'afaru, tsoho tukuf yanzu, da sandarsa, Bappa Tajuddeen na riƙe da hannunsa. Magatakarda ya ce, "Baba, mene ne sunan ɗan naka?" Tsoho ya dubi ƙasa. Aka sake tambaya, ya ce, "Yaron nan dai, na wajen Tajuddeen." Magatakarda ya ajiye biro. Bappa Tajuddeen ya buɗe baki zai amsa, Hajiya ta ce, "A'a, Bappa, amsar da ka bayar tun farko ita ta kawo mu nan." Ta matsa kusa da tsohon ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya.

"Malam Ja'afaru, kunyarka mun gani, kuma ta yi kyau. Shekara arba'in ka riƙe ta, babu wanda zai ce ka gaza. Amma mutanen can ba su san ta ba. In ka yi shiru yau, cewa za su yi yaron nan maƙaryaci ne, ba shi da uba. Sau ɗaya kawai, mu kuma za mu toshe kunnuwanmu."

Ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta da gaske. Ni ma na toshe, Bappa ma ya toshe. Na ga leɓen tsohon ya motsa, na ga magatakarda ya rubuta.

Hajiya Lami, ke ce kika san dokar takarda kika kuma san dokar ruga, kika haɗa su wuri ɗaya ba ki wulaƙanta ko ɗaya ba. Ke ce uwar fayil, maganin gara. Likitoci sun zo sun wuce ta gabanki, wasu suna Kano, wasu suna ƙasashen da ba ki taɓa gani ba, ke kina nan kan kujerar katako kina riƙe musu shekarun da suka manta sun yi.

Ana saura kwana uku aka tura komai ta imel ɗin asibiti, da sa hannun babban likita. Sai ga saƙo: jami'ar tantancewa za ta kira ta bidiyo, tana son ganin littattafan da idonta. Ranar ɗakin kati ya cika, har mai gadi ya baro ƙofa. Hajiya ta sha sabon mayafi, ta gyara tabarau, ta fuskanci kwamfuta da Turancinta na 'yan makarantar da, mai kauri, kowace kalma da wurin zamanta. Matar can ta zaɓi rana da ka, ta ce a nuna mata tiyatar wannan rana. Sista Suwaiba ta rantse ba a yi minti ɗaya ba Hajiya ta buɗe shafin ta kara a fuskar kwamfuta. Ta zaɓi wata ranar, aka buɗe. Ta zaɓi ta uku, aka buɗe. Matar ta yi dariya ta tambaya wace manhaja suke amfani da ita. Hajiya ta ɗaga baƙin littafi ta ce ga ta nan.

Bayan kwana tara Mahdi ya kira. Ban gane abin da yake faɗa ba da farko, ihu yake yi yana kuka. An amince! An karɓi takardar Masar, an ɗaga shi zuwa ƙwararren likitan ƙashi, an goge duk wani zargi daga fayil ɗinsa. Na fita tsakar gida ba takalmi ina faɗin alhamdu lillahi, har matata ta zaci an ba ni kujerar Makka. A asibiti kuwa nas-nas guɗa suka rangaɗa a bakin ɗakin kati. Hajiya ta leƙo ta ce, "Masha Allah. To, ku matsa, kun tare mini layi."

Daga baya Sista Suwaiba ta gaya mini Mahdi ne na goma sha ɗaya. Likita goma kafin shi, masu aiki a ƙasashen waje, sun rubuto neman shaidar shekarun da suka yi a nan, kowanne Hajiya ta haɗa masa ta tura, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wasunsu ko kiran godiya ba su yi ba, kuma ina fata wannan rubutu ya isa inda suke su ji kunya.

Makon jiya Mahdi ya turo hoton sabon lasisin, aka buga shi a takarda. Malam Ja'afaru ya sa aka kawo shi asibiti, ya bi layin kati kamar kowa, ya ƙi yarda a wuce da shi gaba. Da ya iso taga ya ajiye ƙwaryar man shanu, ya miƙa takardar, ya ce, "Hajiya, ni ban iya bokon nan ba. An ce sunana yana ciki. Nuna mini wurin." Ta kama yatsansa ta ɗora a kan kalmar. Ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ce, "To wanda ke gabansa fa, na yaron ne?" Ta ce nasa ne. Ya gyaɗa kai, ya naɗe takardar ya sa a aljihun ƙirji.

Mun gode, Hajiya Lami. Ni na gode, don kin sauke mini kayan da na ɗauka ban sani ba. Allah Ya sa hutun nan ya zame miki na lafiya, Ya ba ki ladan kowane shafi da kika hana gara. Ku kuma da kuke zaune a kan rajista yau, a makaranta ne ko a asibiti ko a sakatariya, in an kawo muku yaro ku ɗaga kai ku dubi waɗanda suka kawo shi, ku sake tambaya kafin biro ya taɓa takarda. Wanda zai gaji kujerarta kuma, baƙin littafin nan saura shafi arba'in a cikinsa. Ta ce in gaya maka ta bar shi a aljihun tebur na dama, kuma za ta riƙa leƙowa.