Ɗigon Idon da Ya Raba Kawu da Teburinsa

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a baranda guda kusa da tasha, da ɗan teburinsa da gilashin da yake maƙalawa a ido. Mutum ne mai tsantseni, ko matarsa ba ta isa ta taɓa masa kayan aiki ba.

Da ganinsa ya fara dushewa ta gefe, ni na kai shi asibitin ido. Suka ce hawan jinin ido ne, suka rubuta masa maganin ɗigawa safe da yamma. Ina tsaye a wurin. Babu wanda ya tambaye shi ko yana shan wani magani, alhali shekara shida ke nan yana haɗiyar ƙwayar zuciya. Mu ma ba mu faɗa ba. Wa zai kawo a ransa cewa ɗigon ido ya san hanyar zuciya?

Bayan sati biyu jiri ya fara ɗibarsa. Ya faɗo daga kujera da agogon mutane a hannu, ya sake faɗuwa a banɗaki har goshinsa ya fashe. Babban ɗansa ya yanke hukunci cewa tsufa ne. Kawu ya yi ta rantsuwa ba tsufa ba ne, aka ce taurin kai. Ko shawara ba a yi da shi ba, ɗan ya kwashe teburin, ya bar wa wani mai sayar da wayoyi wurin.

Ranar da na je sayo wa Kawu magungunan biyu a lokaci guda, mai kantin maganin ta jera su ta tsaya tana kallo. Ta ce in kawo mata shi. Da na kawo shi, ta riƙe hannunsa ta ƙirga bugun zuciya, arba'in da biyu a minti.

"Wa ya haɗa wa Baba waɗannan?"

Ta ce ɗigon ba a ido kawai yake tsayawa ba, yana gangarawa ta hanci ya shiga jini ya rage bugun zuciya, ƙwayar ma aikinta ke nan. Ta gargaɗe mu kada mu dakatar da komai da kanmu, mu koma wurin likita a ranar.

Likitan ya canza ɗigon, ya koya masa rufe ido da danne gefensa na kusa da hanci na minti biyu. Sannan ya ce ai da mun faɗa tun farko.

"Da kun tambaya dai," na ce.

Cikin kwana goma jirin ya tafi, amma mai wayoyi ya ce shi ba inda za shi. Yanzu Kawu a tsakar gida yake gyara a kan faranti, agogo ɗaya ko biyu a sati. Ɗan ya ba da haƙuri sau uku, har yau da ka kawai Kawu yake amsa gaisuwarsa. Ni kuwa duk lokacin da na wuce barandar nan, haushin asibitin nake ji, da na ɗan, da na kaina da na tsaya baki a rufe.