Mai Taga da Hannun da Gwaggo Ta Ɓoye

Kafin hantsi ya leƙo ta tagar ɗakinta, Mai Taga ta riga ta ja teburinta zuwa inda hasken ke sauka, ta shimfiɗa masa farin zanen gado, ta goge idon kyamarar wayarta da gefen ɗankwali. Teburin nan ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, da kwali ake tokare ta, kuma duk wadda ta jingina da shi sai ta sha faɗa. Daga nan sai sallama ta fara. Mai sabulu ta shigo da kwandonta, mai ɗinkin jaka ta biyo ta, ga mai man shafawa da goyo a baya tana haki saboda hawan bene. Duk matan da ke sana'a a cikin ɗakunansu ne, masu kaya mai kyau amma ba su san ta inda za su nuna wa duniya ba.

"Ku matso, ku matso," in ji ta kullum, "rana ba ta jiran mai kwalliya."

Wannan tagar ce ta ba ta suna. Ba ta da fitilun ɗaukar hoto, ba ta da shago, ba ta da yaran aiki. Tana ɗaukar hoton kayan kowace mace, ta buɗe mata shafi a dandalin sada zumunta, ta rubuta bayani, ta koya mata yadda ake amsa wa mai saye ba tare da an yi masa tsawa ba. Ita ke zama tana amsa mutumin da zai ga farashi a rubuce ƙarara amma ya zo ƙasa ya tambaya, "Nawa ne?" Ita ke lallashin wadda ta yi oda sannan ta ɓace kamar an aiki bawa garinsu. Shekara da shekaru tana wannan, amma ka tambayi maƙwabta aikin me take yi, sai su taɓe baki su ce, "Wacce? Mai latse-latsen waya?" Har yayanta uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa ce mata ta nemi aikin yi. Aikin yi! Alhali sabulun da ake wanka da shi a gidansa, ta shafin da ita ta buɗe ne matarsa ta saya.

Doka ɗaya gare ta, kuma ba ta wasa da ita. Duk kayan da za a ɗauka, sai hannun wadda ta yi shi ya shiga hoton, yana riƙe da kayan sosai, ba a gefe ba.

"Fuska taki ce, ki ɓoye abarki," haka take gaya wa sabuwar zuwa. "Amma hannun da ya sha wahala sai ya fito. Mai saye ya san mutum ne ya yi, ɓarawon hoto kuma ya rasa ta inda zai yanke."

Mai sabulu ta yi ƙorafin kaushin hannunta, aka ce kaushin ne shaidarta. Mai jaka ta ce allura ta yi mata tabo, aka ce tabon ma a sa. Babu wadda ta taɓa tsallake dokar nan sai mutum ɗaya, kuma daga nan ne abin da ya sa nake rubutun nan ya taso.

Gwaggo ƙanwar mahaifinta ce, dattijuwa mai saƙar kwarashi. Barguna na jarirai take saƙawa, da huluna da 'yan safa, irin saƙar da in ka shafa sai ka ji kamar ka koma jariri a lulluɓe ka. Sai dai an haife ta da cindo, ɗan yatsa na shida a gefen hannun hagu. Tun tana yarinya yara suka sa ta a gaba da tsokana, ita kuwa ta tura hannun cikin mayafi, ta girma a haka, ta tsufa a haka. Jikokinta ma ba kowa ne ya taɓa ganinsa a fili ba. Ranar da ta kawo bargonta na farko aka ce ta riƙe, sai ta ja da baya.

"'Yar nan, ki ɗauki bargo ki bar ni da hannuna."

"Gwaggo, ko na dama ne kawai."

"Yau na dama, gobe ki ce duka biyu. Na san halinki tun kina rarrafe."

Mai Taga ta dube ta, nauyinta ya kama ta. Ƙanwar uba ce, wa zai yi jayayya da ita? Ta shimfiɗa bargon shi kaɗai a kan farin zane ta ɗauka. Tun daga ranar hotunan Gwaggo ne kaɗai ke fita ba hannu, fes da su, kamar an ajiye nama a buɗe a gidan da ke da kyanwa.

Kyanwar kuwa ta zo. Wani babban kanti ne mai ƙofar gilashi, mai mabiya kamar yashi a shafinsa, ya kwashe hotunan nan kaf, ya manna tambarinsa a kai, yana sayar wa mutane bargunan inji da hoton saƙar Gwaggo. Wannan kaɗai ya isa takaici. Amma tsaya ka ji ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Da wata mai saye ta ga hoto iri ɗaya a wuri biyu ta yi tambaya, sai kantin ya fito da sanarwa cewa jama'a su yi hattara da wani ƙaramin shafi da ke satar musu hotuna. Suka sa sunan shafin Gwaggo.

Mutane kuwa, wallahi wani sa'in sai ka rasa inda suke ajiye hankalinsu. Babu wanda ya tsaya duba wa ya riga ɗorawa. Wancan babba ne, wannan ƙarami, shi ke nan shari'a ta ƙare. Suka yi wa shafin caa. Wanda bai taɓa riƙe zare ba ya ce tsohuwar banza. Wadda ko maɓalli ba ta iya ɗinkewa ta rubuta "ɓarauniya" da manyan baƙaƙe. Mai Taga ta yi ta gogewa tana ɓoye wa Gwaggo, har wata maƙwabciya mai ɗan banzan son kai labari ta je wai jaje, ta zauna ta karanta mata zagin ɗaya bayan ɗaya, har da gyara murya.

Washegari Gwaggo ta hau benen nan da gwiwoyinta masu ciwo, ta ajiye jakar saƙarta a kan tebur. Kwarashi, zare, da rabin bargon da ba ta gama ba.

"Ki ba mai so," ta ce. "Na tsufa ban taɓa ɗaukar tsinken wani ba. In saƙa ce za ta sa a kira ni ɓarauniya a gaban jikokina, na bar ta har abada."

Ta juya ta sauka, ko ruwa ba ta sha ba.

Babu ƙofar da Mai Taga ba ta buga ba. Ta nuna ranakun da aka fara ɗora hotunan, aka ce ai ana iya gyara wannan. Ta aika wa kantin saƙo cikin ladabi, suka toshe ta. Ta kai ƙara wurin masu dandalin, na'ura ta amsa mata da godiya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne matan da ta ɗauko daga ɗaki ta nuna wa duniya. Kaɗan ne suka buɗe baki. Sauran suka yi tsit, wai kada babban kanti ya sa su a gaba. Ɗaya ma, wadda ta koyi riƙe waya a wannan ɗakin, har da danna alamar so a ƙarƙashin sanarwar. An ci moriyar ganga, an yada kwaurenta. Allah wadaran naka ya lalace!

Da ta ga hanya ɗaya ce ta rage, sai ta ɗauki jakar saƙar ta tafi gidan Gwaggo. Ta same ta zaune a bakin gado, hannuwa biyu a cinya ba aikin yi, abin da ba a taɓa gani ba.

"Gwaggo, laifina ne. Na san dalilin dokar, na sake ta saboda kunyarki, kuma ke ce kika biya."

"To yanzu me kike so?"

"Ki zo tagar nan ki saƙa a gaban mutane, kai tsaye, suna kallo. Hannu biyu."

Gwaggo ta ce, "Yaran unguwa sun yi min dariya ban manta ba har yau. Yanzu duniya kike so ki tara min?"

"Wasu za su yi dariya, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma ba zan tilasta miki ba. Amma tagar tana nan."

Ta ajiye jakar a bakin ƙofa ta fita. Daga ranar, kowace safiya sai ta share tebur ta bar shi wayam a daidai lokacin da hasken ya fi kyau, mata na zaune suna gunaguni da kayansu a cinya. In an yi magana ta ce, "Wurin da mai shi." Hasken ya wuce, sannan ta fara ɗaukar na sauran. An daɗe a haka, har aka fara cewa matar nan ta zare.

Sai wata safiya aka ji takun da kowa ya sani a kan bene, a hankali, ana hutawa. Gwaggo ta shigo ba ta kula kowa ba. Ta zauna, ta ɗauko ainihin bargon da ke cikin hoton da aka sace, ta kama gefe guda ta warware shi da kanta. Sannan ta zaro hannun hagu daga mayafi ta ɗora a kan farin zane, cikin hasken rana. Mai Taga ta saita wayarta, ta fara nuna wa mutane kai tsaye.

Gwaggo ta naɗa zaren a kan ɗan yatsan nan na shida, ashe nan ne mazauninsa tun fil azal, kwarashi ya fara shiga yana fita. Mai Taga ta ce wa masu kallo, "Ga bargon, ga mai shi. Duk wanda ya ce nasa ne, ya zauna a tasa tagar ya yi mana irin wannan."

Can Gwaggo ta tambaya ba tare da ta ɗaga kai ba, "Me suke cewa?"

Mai Taga ba ta iya ƙarya ba. "Wani ya ce yatsunki shida."

"Ki ce masa ya iya ƙirga, Allah ya ƙara basira."

Matan ɗakin suka fashe da dariya, mai sabulu tana yi tana share hawaye. Kafin hasken ya bar teburin gefen bargon ya koma yadda yake, ba ka gane inda aka warware. Gani ya kori ji. Masu zagi suka fara sulalewa suna goge abin da suka rubuta, kantin kuma ya sauke sanarwarsa da hotunan a ɓoye.

Kuna tsammanin sun ba da haƙuri? Ina! Ko kalma ɗaya. Ƙofar gilashinsu tana nan tana sheƙi, har na ji wai an gayyaci mai kantin wani taro ya yi jawabi a kan tallafa wa masu sana'ar hannu, aka tafa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa Mai Taga da ta yi aikin, ko kujerar baya ba a ajiye mata ba.

Yanzu ga shi likitan ido ya ce ta ajiye waya in tana son ta tsira da sauran ganinta. Hasken allon da ta yi shekaru tana ƙura wa ido saboda sana'ar wasu ya ci rabonsa. Ta miƙa shafukan ga masu su, teburin ya koma jikin bango.

Mai Taga, ke ce kika ɗauki hoton hannun kowa, naki bai taɓa fitowa ko sau ɗaya ba. Ke ce kika tsaya lokacin da masu baki suka haɗiye harshensu. Uwar marasa shago, ba ki taɓa ƙara wa sabulu farin da ba shi da shi ba, ba ki taɓa kiran ƙaramin bargo babba ba. Mun gode, Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da abin da mu muka gaza.

Ku kuma masu waya a hannu, kafin ku kira wani ɓarawo, ku tsaya ku duba wa ya riga. In kuna da maƙwabciya mai sana'a a ɗaki, ku buɗe mata tagarku, ku sa hannunta a hoton. Ku da kuka ci arzikin wannan ɗakin kuka yi shiru, benen bai ƙara tsawo ba, ku hau ku gaishe ta.

Mutum ɗaya dai ba ta jira an gaya mata ba. Duk ranar ganin likita, Gwaggo ce ke zuwa da sassafe ta sauko da ita daga bene, ta tsallakar da ita titi, tana yi wa masu mota faɗa su rage gudu. Mai Taga ba ta ganin hanya sosai, amma ta san hannun da ke riƙe da nata. Na hagu ne, kuma babu mayafi a kansa.