Man Kaɗen da Ya Kashe Mini Aure

Edita, lokacin da ƙasar nan ta karɓi mulkin kai, ni matashiya ce 'yar Salaga, ina aure a Zangon Yendi, sana'ata man kaɗe. Mijina ɗan Bawku ne, aikinsa yi wa shanu allura, har gwamnati ta ba shi wani ɗan ƙaramin babur na shiga ruga. Ina son mutumin nan kamar in mutu, shi ma a lokacin bai rage ni da komai ba. Baburin nan kuwa ya fi kula da shi a kan cikinsa. Duk sanda ya dawo daga daji sai ya kwance wani gwangwani a gefen inji, ya zaro ragar waya mai kama da soson tukunya. Ya ce ita ke tace iskar da injin ke shaƙa, in ta toshe da jar ƙasa babur ba ya numfashi. Ya wanke ta da kananzir, ya shanya, ya ɗiga mata baƙin mai, ya mayar.

Wata rana cikin damina wani direban lori ya kawo saƙo daga Bawku cewa mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah, sunansa kawai take kira. Da la'asar ya zauna gyaran babur don ya yi sammako. Ya wanke ragar tas, sai ya tarar gwangwanin baƙin mansa ya ƙare, a kanti ma babu, ruwa ya hana motar kaya shigowa. Ni kuma ina gefe ina narka man kaɗe. Ganin yadda hankalinsa ya tashi, na ce masa ko wannan zai yi? Ya duba tukunyar ya ce ai mai mai ne. Da hannunsa ya tsoma ragar, ya ɗaga ta tsane, ya mayar ya ɗaure. Ya tada babur ya zaga Zango ya dawo, inji na ƙara lafiya lau, har yana tsokanata wai na zama fita mai gyaran inji.

Aka kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Bayan sallar asuba ya taka babur, inji ya yi tari ya mutu. Ya taka, ya sake takawa, har gumi ya jiƙa masa riga. Ya cire fulogi ya goge, maƙwabta suka tura shi har bakin kasuwa, shiru. Kafin ya farga lorin arewa ta tashi. Wallahi ni da nake kwana da man kaɗe nake tashi da shi, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa sanyi ya daskarar da shi. Sai da hantsi aka samo fita, ya buɗe gwangwanin a gaban jama'a, ya zaro ragar ta zama farin curi, ko allura ba za ta ratsa ba. Na ga matan Zango suna kallon juna. Mijina ya tafi da azahar, hanya duk taɓo, ya kwana Gambaga. Da ya isa Bawku an riga an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai ya dawo tare da yayarsa da kawunsu. Ashe magana ta riga ta zaga gari, wai ni na yi asiri na cusa a babur don in ɗaure shi, kada ya je ga uwarsa. Dama tun farko danginsa ba su so ya auro 'yar Salaga ba. Aka zaunar da ni a zaure kamar ɓarauniya. Na faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, na rantse, yayarsa tana taɓe baki. Ban ma ji tsoro sosai ba, don na san mai shaidata yana zaune a wurin. Kawu ya juya ya tambaye shi wa ya sa abin nan a babur. Ya kalli tabarma ya ce, "Kawu, man dai nata ne."

Bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Kafin sati ya zagayo ina cikin lori da akwatina zuwa Salaga, kuma sunan mai asiri ya bi ni har can. Matan da suka san ni tun ina goye suka daina sayen maina, wai ba a san abin da nake tofawa a ciki ba. Na koma sayar da kifi, na yi shekara da shekaru ba wanda ya taka ƙofar gidanmu da maganar aure.

Bayan an tare kogi da madatsar ruwa na haɗu da tsohon mijin nawa a Makango yana jiran jirgin fito zuwa Yeji. Ya tsaya ya ce in yafe masa, wai a ranar ba zai iya buɗe baki a gaban 'yan'uwansa ya ce shi da hannunsa ya hana kansa ganin uwarsa ba. Wato nauyin ya yi masa yawa, sai ya sauke a kaina. Na tambaye shi ko zai je Bawku ya faɗa musu haka. Ya yi shiru irin na zaure.

Kuskuren mai nawa ne, na amsa shi, kuma har yau ina roƙa wa tsohuwar nan gafara. Amma 'yan'uwana mata, kada daɗin zaman lafiya ya sa ku ce kun san mutum. Ku duba shi ranar da za a zaɓa tsakanin kunyarsa da mutuncinku. Ku kuma maza, ku sani shiru a inda ake neman shaidarku shi ma zalunci ne. Mutumin nan ya mutu bara, an ce mutumin kirki ne, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ni dai ban yafe ba.