Yadda Baba Ya Yi Duhu a Waya

Mahaifina yana da labari guda ɗaya da ya ishi kowa a gidanmu, wato an taɓa nuna shi a talabijin. Tun kafin a haife ni ne. Wai ya kai masara wani baje kolin amfanin gona a Kaduna, masu ɗaukar hoto suka tsaya a kansa, ya ɗaga musu manya guda biyu yana murmushi. Shi kansa bai gani ba, domin kafin a nuna ya riga ya hau motar Birnin Gwari, kuma a lokacin babu mai talabijin a unguwarmu. Labari dai ba shaida.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan rashin shaida shi ne taubashinsa da ke Tsohon Birnin Gwari, wanda muke kira Baffa. Ko a wurin jana'iza suka haɗu, sai Baffa ya matso ya ce, "Bawana, yau a wace tasha za a nuna ka?" Baba ya yi dariya ya rama da wani abin. Amma ni na san yana jin zafin maganar, don idan muka dawo gida ba ya ko taɓa tuwo.

Ni malamin firamare ne, ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya. Wata rana ina tone-tone a cikinta na ci karo da filta, irin abin da ake ɗora wa hoto ya canza kama. Wannan tana mayar da hoto kamar na tsohuwar talabijin, da layi-layi a kwance da ɗan sheƙi. Shaiɗan ya raya mini. Na tsayar da Baba a gaban rumbu da masara biyu, na ɗauke shi, na ɗora filtar.

Wallahi hoton ya yi kyau. Fuskarsa tana haske, farar hularsa tana ɗaukar ido. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haka nake. Tura wa wancan marar kunyar."

Na ce, "Baba, wannan fa na yau ne."

Ya ce, "Ni na ce ka ce masa na da ne? Furfurata ba a ɓoye take ba. Ya dai ga yadda abin yake."

Na yi sikirinshot, wato na ɗauki hoton fuskar kwamfutar yadda take, na tura wa 'yar Baffa, tun da shi wayarsa ta kira ce kawai. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo. Dariya ce ta fara zuwa har da tari, sannan Baffa ya ce, "Bawana, a cikin rumbu aka ɗauke ka ko a gindin tukunya? Haƙora kawai nake gani da masara."

Raina ya ɓaci. Na duba abin da na tura a wayata, sai ga Baba baƙi ƙirin. A kwamfuta kuwa yana nan fes. Sai da na yi kwana biyu ina zagin waya kafin na gane. Ashe filtar layi ɗaya mai haske take sawa, layi ɗaya baƙi, haka har ƙasa. Idan hoton yana da girmansa, ido hasken yake kamawa. Amma wajen turawa sai a ƙanƙance shi a matse shi don kada ya yi nauyi, layukan su cakuɗe, kamar ka zuba toka a garin tuwo.

Na ce to, na san maganinsa. Na ƙara haske sosai, na sake turawa. Wannan karon wajen matsewar wasu layukan suka faɗi wasu suka tsaya, fuskar Baba ta fito fari fat da wani zane mai lanƙwasa. Baffa ya aiko cewa yanzu ya gane, ashe zabuwa aka nuna a talabijin, a yi masa afuwa.

Aka ce in tura hoton ɗungurungum ba tare da an matse ba. Na hau kan katangar makaranta ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sabis ya ƙi. Baba kuwa ya daina tambayata, abin da ya fi damuna ke nan. Na tayar masa da tsohon miki a banza.

Ranar Asabar na ce ya shirya. Hanyar dajin nan ba a binta da ganganci, sai da muka jira hantsi, muka bi ayarin masu babura, Baba a bayana, kwamfuta a ɗaure a ƙirjina.

Mun sami Baffa a zaure yana gyaran fartanya. Bayan gaisuwa na buɗe kwamfutar na ajiye a gabansa. Ya sa tabarau, ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa. Sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Wannan ƙarya ne, ya cika haske. Na farkon nan mai duhu shi ne daidai. Talabijin ɗin mai shayin ma sai an buge ta take kawowa."

Baba ya ce, "Wane mai shayi?"

Baffa ya gane bakinsa ya riga shi. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya ce a makon da aka nuna Baba shi ma yana Kaduna, ya kai mai ɗakinsa asibiti, ya zauna shan shayi sai ga taubashinsa a akwatin talabijin, da jar hularsa ta aro. Har ya miƙe ya gaya wa mutanen wurin cewa ɗan'uwansa ne.

Baba ya ce, "Kuma ka yi shiru duk shekarun nan?"

"To in na faɗa, da me zan riƙa tsokanarka?"

Na zaci Baba zai ɗauki fartanyar. Sai na ga ya share ido da hannun riga, ni ma na ji nawa sun cika. Ya matsa kusa da Baffa a kan tabarma, ya ce a hankali, "Allah ya isa. To gaya mini, na yi kyau?"