Mai Shafa Bakin Dutse

Na tarar da wata mata a shagon tayil, 'yar gayu, amma takalminta kowace ƙafa da launinta. Bakin kowane dutsen teburin wanke hannu take shafawa da yatsa.

"Anti, ki jira gyaran banɗakin gaba ɗaya," in ji mai shago. "In kika canza teburin wanke hannu yanzu, fasa shi za a yi."

"Ya tsage, yana lilo! Kuma shi autana yake kamawa yana reto."

Har na buɗe baki zan ce, 'yar nan, dutse kike zaɓa ko miji? Sai na ga ashe kaifin bakin take gwadawa saboda yaron, na haɗiye tsiyata.

Wayarta tana ruri. Daga gida ne. Tana kallonta, ta kasa ɗauka, kamar mai tsoron a ce teburin ya faɗo wa autan.