Tuwon Bayan Mina

Mahaifina dogo ne, irin dogon da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar gidansa a unguwar Utaibiyya ta Makka. Tsawon nan ne ya ba shi shugabanci. Duk shekara mazan layinmu sukan tafi Mina su tura tsofaffin alhazai a keken guragu, kuma a cunkoson jifa kan Baba kaɗai ake hangowa, don haka shi ake bi. Idan an sauko daga Mina, Juma'ar farko a gidansa ake cin tuwo. Haka al'adar take a wurinmu: gidan da maza suka ci tuwon nan, mai gidan ne zai ja su baɗi.

Labari ɗaya Baba yake so a duniya, na sarkin Bani Isra'ila da mutanensa suka raina don ba shi da dukiya, Allah kuwa ya fifita shi da ilimi da girman jiki. In ya zo kan girman jiki sai ya gyara zama, mu kuma mu ƙunshe dariya. Ya faɗi yadda sarkin ya gwada rundunarsa a bakin kogi, ya hana su sha sai kamfata ɗaya, yadda 'yan kaɗan suka haye suka ci yaƙi, da yadda wani saurayin makiyayi ya kayar da ƙaton abokan gaba da majajjawa. A nan yake tsayawa ya ce a kawo shayi.

Sauran labarin a bakin wata tsohuwar malamarmu na ji. Ta ce ba ya cikin Alƙur'ani, labarin mutanen littafi ne. Wai sarkin ya aurar wa makiyayin 'yarsa, amma da mata suka fara yi wa saurayin waƙa fiye da shi, sai zuciyarsa ta ɓaci. Ya jefe shi da mashi, ya bi shi kogo-kogo, ƙarshe sarkin ya mutu a kan wani dutse a yaƙi, 'ya'yansa na kwance kusa da shi. Tun ranar na daina dariya in Baba ya fara.

Dalili kuwa, mijina. Baba ne ya koya masa turin keke, shi ya ba shi ni. Haifaffen Makka ne, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Da aikin ya koma sai da takardar izini, shi ke shiga ofis ya fito da ta kowa. A Hajjin wata shekara aka rufe hanyar da Baba ya saba bi. Baba ya ce a bi shi, mijina ya duba waya ya nuna wata hanyar. Maza suka bi mijina. Baba ya iso bayan kowa, shi da alhajinsa, jiƙe da gumi.

Makon da aka sauko daga Mina ban iya zama wuri ɗaya ba. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni ke tuƙa tuwon, ga shi yanzu ban san murhun da zan ɗora ba. In je gidan Baba in tarar yana kirga farantai, in dawo in tarar mijina ya yi tagumi.

"Maza sun ce nan za su zo," in ji shi. "Wallahi na ce musu la, a'a, gidan Baba, shi ke nan. Ba su ji ba."

Ba yunwar kowa ta dame ni ba. Tsorona kada Baba ya buɗe baki ya faɗa masa maganar da ba ta gyaruwa, ni kuma in rasa gidan da zan kira nawa. Ranar Juma'a, a gidan Baba na ɗora tukunya.

Ya shimfiɗa manyan tabarmi, ya kunna turare, ya sa farar riga. Aka sauko daga masallaci, tsofaffi biyu suka shigo. Ina leƙe ta taga, ina ganin sauran suna wucewa ta bakin lungu zuwa gidanmu, kowa kansa a ƙasa kamar mai neman allura. Sai ga mijina ya yi sallama, ya durƙusa a gefen tabarma.

Baba bai dube shi ba. Ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Tashi ka je," ya ce. "Baƙinka suna cikin rana."

"Baba, ni nan zan ci."

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "bar mana malmala uku, ki rufe sauran."

Da kansa ya sungumi tukunyar, ya hana kowa kama masa. Muka bi shi a baya har ƙofarmu. Maza suka miƙe tsaye, suka buɗe masa wuri a tsakiya. Ya ajiye tukunyar, ya ce su yi bisimilla, ya juya. Sai a lokacin na ji hawaye, na sauƙi da na baƙin ciki a haɗe.

Bayan la'asar na koma in wanke masa kwanuka. Tsofaffin sun ci nasu sun tafi, tasa malmalar tana nan a rufe. Ya riga ya naɗe tabarmin ya ɗaure su da igiya. Ya ce in tafi da su, shi kaɗai ƙaramar tabarma ta ishe shi.